Minti 14 Ba Tsayawa: Yadda Muka Ɗauki Waƙar Farko Irin Ta 1979

A situdiyoyinmu na yanzu, har da nawa da ke Kaduna, layi-layi ake ɗaukar waƙa. Yaro zai shiga ɗakin makirfo ya faɗi layi biyu, numfashi ya ƙare masa, in tsayar, ya kurɓi ruwa, in mayar da shi daidai inda ya tsaya. Kiɗan ma ba hannun mutum ke kaɗa shi ba. Gaɓa huɗu, kowace mai bugu huɗu, ake shiryawa a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a bar kwamfuta ta yi ta maimaitawa har inda ake so. Da wannan nake cin abinci, don haka ba kushe nake yi ba. Amma da wasu samari uku 'yan gambarar zamani suka zo min da maganar waƙarsu ta farko, wadda suke fatan ta fito da su, sai na gindaya musu sharaɗi. Zan rage musu kuɗin situdiyo idan suka yarda mu ɗauke ta yadda aka ɗauki "Rapper's Delight" a 1979: makaɗa su kaɗa da hannu daga farko har ƙarshe, sannan su ukun su hau kai a zama ɗaya, ba tsayawa, ba faci.

"Oga, wace waƙa ce kuma wannan?" in ji babbansu.

Na kunna musu. Da layin bes, wato kiɗan jitar nan mai kaurin sauti, ya shigo duk suka gyaɗa kai, sun san shi, sun sha jin sa a wurare ba su san daga ina ya fito ba. Abin da ba su sani ba shi ne tsawonta. Cikakkiyar waƙar da ke kan babban faifai mai inci 12 minti 14 ce da daƙiƙa 35, kuma ba ta da amshi irin wanda muka saba, wanda zai riƙa dawowa ka huta. Kafin a kai tsakiya ƙaraminsu ya fara latsa waya. Na ƙwace wayar na ajiye a kan tebur har aka gama.

Sai da na ba su labarin kafin su yarda, domin shi ne dalilin da ya sa na kawo maganar tun farko. A 1979 rap, wato gambarar zamani, ya yi shekaru yana gudana a unguwar Bronx ta birnin Niyok, tun bikin da DJ Kool Herc ya yi a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a watan Agusta na 1973. Amma abin biki ne da filin wasa, ana yin sa na awanni, masu yin sa da yawa ba su ga yadda za a dunƙule shi a faifai ba. Wadda ta gani mace ce, Sylvia Robinson, mawaƙiya tun shekarun 1950, wadda kamfanin faifanta da mijinta Joe, All Platinum, bashi ya yi wa katutu. Ta je wani biki a gidan rawa na Harlem World ta ga Lovebug Starski yana magana a kan kiɗa, jama'a na amsa masa kamar za su tsaga ɗakin. Ta koma garinsu, Englewood a jihar New Jersey, ta sa ɗanta Joey ya nemo mata masu irin wannan abu. Henry Jackson, wanda duniya ta sani da Big Bank Hank, a shagon sayar da fiza yake aiki aka ɗauko shi, a cikin mota ya yi gwaji. Guy O'Brien, wato Master Gee, da Michael Wright, wato Wonder Mike, su ma suka gwada. Maimakon ta zaɓi ɗaya sai ta haɗa su ukun, ta raɗa musu suna Sugarhill Gang. Kafin ranar ba ƙungiya ba ce. Ranar 16 ga Satumba, 1979 faifan ya fito.

Na ce musu, ku kun fi su, ku tun firamare kuka san juna. Suka yi dariya suka ce a yi.

Matsalar farko makaɗa. Mai kaɗa jitar bes da hannu ba kasafai ake samun sa a harkarmu ba, sai a coci ko ƙungiyoyin da ke wasa a otal. Wani abokin sana'a ya haɗa ni da wani dattijo da ke kaɗa wa cocinsu a kudancin gari, kowa Baba yake ce masa. Ya zo da ɗan 'yar'uwarsa mai buga ganguna, ni kuma na ɗauki fiyano. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya yi murmushi, ya ce shi da kiɗan Chic ya yi samartaka. Ai kuwa layin bes ɗin nan na ƙungiyar Chic ne, daga waƙarsu "Good Times" da ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Agusta na wannan shekarar ta 1979, Bernard Edwards ne ya kaɗa shi. A Bronx da faifai biyu DJ ke maimaita irin wannan gaɓa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Sylvia ba ta bi wannan hanya ba, makaɗa ta sa suka sake kaɗa shi da hannu. Chip Shearin, wanda ya ce shi ya riƙe bes a ranar yana ɗan shekara 17, ya ba da labarin cewa an umarce shi da mai ganguna su yi minti 15 ba kuskure, aka sallame shi da dala 70.

"Ɗana, layin ba shi da wuya," in ji Baba yana ɗaure igiyar jitarsa. "Wuyar ita ce ka yi shi sau ɗari, na ƙarshe ya fito kamar na farko."

Lissafinsa daidai ne. Gudun kiɗan ya ɗan haura bugu 110 a minti, layin kuma gaɓa huɗu ne, saboda haka a minti 14 da rabi za ka zagaya shi kusan sau ɗari. Muka fara atisaye da shi don mu ji abin da mutanen can suka ji a jikinsu, kuma a nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina danna maɓallin maimaitawa. Minti uku na farko daɗi ne zalla. Daga nan sai mai ganguna ya fara sauri ba tare da ya sani ba, kaɗan-kaɗan, har sai Baba ya harare shi. Wajen minti na takwas yatsun Baba na dama suka fara ƙagewa, ni kuma hankalina ya tafi wani wuri, na farga ban san ko a gaɓa ta biyu muke ko ta huɗu ba. Amma babbar fitinar ba gajiya ba ce, kwaɗayin ƙawa ne. Duk makaɗin da ya iya, in ya maimaita abu sau talatin hannunsa zai fara ƙaiƙayi, yana so ya saka ɗan kwalliya ya nuna shi ma gwani ne. Layin nan kuwa ƙarfinsa a wurin da aka yi shiru yake: bugu uku, sai a saki fili, sannan a hau. Wannan filin shi ne wurin mai magana. Ka cike shi da gwaninta, ka kori mawaƙi daga kan kiɗa.

Na gwada sa wa mai ganguna ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta a kunne don ya riƙe masa lokaci. Saurin ya daina, amma kiɗan ya sandare, ya koma irin wanda nake gudu. Muka cire. Abin da ya yi mana magani shi ne sauya zama. Na juya gangunan suka fuskanci Baba, yaron na kallon ƙafar kawunsa, shi kuma yana kallon sandarsa.

Sai dai tun kafin mu yi nisa na gaya musu cewa da wannan layin za mu yi atisaye kawai, ba za mu fitar da waƙa a kansa ba. Samarin ba su gane ba. Na tsakiyansu ya ce, "To Oga, ai ba faifansu muka yanko ba, Baba ne ya kaɗa da hannunsa." Wannan ruɗani ya yi yawa a tsakanin yaranmu. Haƙƙi biyu ne a kan kowace waƙa. Akwai na sautin da aka ɗauka, akwai na tsarin kiɗan da kalmomin, wato na wanda ya ƙirƙira. In ka sake kaɗawa da hannunka ka kauce wa na farko, na biyun yana nan yana jiran ka. Abin da ya sami Sugar Hill, kamfanin Sylvia da ya fitar da faifan, ke nan. Nile Rodgers, abokin aikin Edwards a Chic, a wani gidan rawa a Niyok ya ji kiɗansu na tashi da muryoyin da bai sani ba a kai. Suka yi barazanar zuwa kotu, aka sasanta, aka ƙara sunayensu biyu a cikin marubutan waƙar. A yau ma ba sai an ji ka a gidan rawa ba. Kamfanonin da ke ɗora maka waƙa a Spotify da Boomplay suna tambaya tun a fom ko akwai kayan wani a ciki, in ka ɓoye aka gano, sauke ta za a yi.

Baba ya tafi gida da maganar, ya dawo da layinsa na kansa, gudu ɗaya da wancan, shi ma da filinsa, amma yana saukowa inda wancan ke hawa. Ni a kunnena bai kai na Edwards ba, kuma na faɗa masa. Ya ce ya sani, amma wannan nasa ne.

Aikin da ya fi cin lokaci rubutu ne. Waƙar da suka zo da ita baiti uku ce, kowanne gaɓa 16. A wannan gudun gaɓa 16 ba ta fi daƙiƙa 35 ba, ke nan duk abin da suka rubuta bai cika minti biyu ba, ga fili na gaɓa wajen 400 yana jiran su. Suka fara da abin da kowa ke farawa da shi, kirarin kai: ni ne wane, ba a ja da ni, maƙiya ku mutu. Kafin shafi biyu kirarin ya ƙare, suka koma maimaita kansu. Na sake kunna musu tsohuwar waƙar na ce su lura da abin da ke riƙe mai sauraro in an yi nisa. Labari ne. Wonder Mike yana da dogon baiti a kan zuwa cin abinci gidan aboki, abincin ba ya ciyuwa, ga kunyar uwar gida. Ba wani abin duniya ba ne, amma kana so ka ji yadda ta ƙare. Da suka kama wannan sai rubutu ya ɓalle. Babbansu ya rubuta kwanan layin mai. Ƙaraminsu ya rubuta zuwa zance gidan su budurwa, ƙannenta sun kewaye shi kowa na jiran na alawa, aljihunsa kuma kuɗin komawa gida ne kawai a ciki. Wannan baitin har Baba sai da ya ajiye jita ya yi dariya.

Sannan numfashi. Wanda ya saba a yanka masa layi-layi bai san yana rubuta abin da huhunsa ba zai ɗauka ba. Na sa kowa ya ɗauki jan biro ya yi alama a duk inda zai shaƙi iska, in layi ya wuce ba alama a rage masa kalma. Hausa kuma tana da nata hali a kan kiɗa. Dogon wasali yana cin wurinsa, in ka matse shi don ya shiga gaɓa sai maganar ta koma wata, ko ta fito kamar ta baƙo. Da kwamfuta ana ja ana matsewa a rufe wannan aibi. A zama ɗaya babu wannan rufin asiri, dole a gyara a takarda. Karɓa-karɓar ma sai da aka koye ta. Mutum uku a kan kiɗa ɗaya kamar mata uku ne masu lugude a turmi ɗaya, kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka, wadda ta yi jinkiri ko gaggawa ta haɗa taɓare. Muka tsayar cewa mai fita zai ƙare layinsa da kalmar da mai shiga zai ɗauka, kuma a kalli juna, ba takarda ba.

A cikin wannan atisaye ne na lura da wani baiti na na tsakiyansu da ya fi sauran rubutunsa nesa ba kusa ba. Salon ma ba nasa ba ne. Na ja shi waje na tambaye shi. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce wani abokinsa ne mai gyaran waya a unguwarsu ya ba shi, ya ce ya yi amfani da shi ba komai. Na ce ya kira shi ya zo. Ya ce, "Haba Oga, ai ɗan'uwa ne, shi ya ba ni da kansa." Na ce to zauna ka ji. Big Bank Hank ba marubuci ba ne, manajan wani gwanin Bronx ne mai suna Grandmaster Caz. Da Hank ya samu wannan damar, baitocin Caz ya hau da su, Caz kuma ya ce shi da kansa ya miƙa masa littafin rubutunsa yana zaton in ƙofa ta buɗe za a waiwaye shi. Abin ya kai Hank ya jero haruffan laƙabin Caz, Casanova Fly, a cikin baitinsa kamar sunansa ne. Waƙar ta zama rap ta farko da ta shiga jerin 40 na saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard, ta tsaya a lamba 36 a farkon 1980, ta kai lamba 3 a Birtaniya, ta hau ta ɗaya a Kanada da Holan. Sunan Caz bai fito a jikin faifan ba, kuɗi bai shigo masa ba. Hank ya rasu a 2014, Caz kuma har yau in an zauna da shi sai maganar ta taso. Shi ya sa mutanen Bronx da yawa ba su taɓa yafe wa waƙar ba, suna ganin 'yan ƙetaren kogi ne, wato mutanen New Jersey, suka kwashi abinsu suka kai kasuwa. Ni ina ganin suna da gaskiya, duk da cewa ba don ita ba da wataƙila an ƙara shekaru kafin kamfanoni su yarda rap abin sayarwa ne. Ba ma ita ce ta fara fita a faifai ba, ƙungiyar Fatback Band ta riga ta da "King Tim III" a shekarar, amma ita ce ta tsallaka teku.

Mai gyaran wayar ya zo da yamma, yana ta jin nauyi, yana cewa shi ba don kuɗi ya bayar ba. Na ce mun sani, zauna dai.

Ranar ɗauka muka ja janareta can ƙarshen layi da doguwar waya don kada gurnaninsa ya shiga makirfo, muka kashe fanka, muka toshe ƙasan ƙofa da bargo. Makaɗa suka fara. Bayan 'yan tashi da faɗuwa a mintunan farko sai muka samu wadda ta miƙe, kowa ya shiga ciki, gumi na ɗiga daga haɓar Baba a kan jita bai ko share ba. Wajen minti na 11 sandar mai ganguna ta goga bakin ganga maimakon fata, ya ɗago a tsorace, Baba ya girgiza masa kai alamar ci gaba. Mun bar ta a ciki. In ka san wurin za ka ji ta.

Muryoyi kuma makirfo biyu gare ni, na aro na uku. Na tsayar da su a da'ira, kowa da raga a gaban makirfonsa, domin haruffa irin su ƙ da ts suna harbin makirfo in mutum ya matso da zafi. Na danna ɗauka na naɗe hannu, abin da ban saba ba, don a kullum yatsana na kan maɓallin tsayarwa. A tsakiyar labarin layin mai babbansu ya manta layi. Kafin shirun ya yi tsawo ƙaraminsu ya cafe da tsokana, ya ce ko man ne ya ƙare maka, na tsakiya ya fashe da dariya a makirfo, shi kuma ya tuno ya ɗora. Wannan wurin ba a rubuta shi ba, kuma duk wanda na kunna wa waƙar nan yake cewa a mayar masa. Da aka kai ƙarshe muryar ƙaraminsu ta dishe sosai, baitinsa na rufewa ya fito a shaƙe. Ya roƙe ni mu sake shi kaɗai. Na ce sharaɗi sharaɗi ne.

Haɗa sautin bai ba ni wahala ba, tunda ba guntaye ɗari zan jera ba. Yanka ta ne ya zama rigima. Babu gidan rediyon da zai ba sabbin yara minti 14, ko Sugar Hill ma sai da suka fitar da gajerun yanka, duk da cewa wasu tashoshin Amurka sun riƙa saka doguwar saboda masu sauraro na bugo waya suna nema. Muka fitar da ta minti uku da rabi, kowa baiti ɗaya, kowa kuma yana ganin an yanke masa mafi kyawun nasa. Gajerar muka kai rediyo muka ɗora a Audiomack. Doguwar muka ba masu tura waƙa a kasuwa, kuma daga abin da suke gaya min ita aka fi tambaya, ana cewa a sa "mai labarin zancen nan". Ko za ta fito da su yadda suke buri, wannan sai abin da Allah ya yi.

Kafin kowa ya karɓi kwafin waƙar sai da muka zauna a kan takarda. Rabin haƙƙin ƙirƙira na kiɗa, rabi na kalmomi. A ɓangaren kalmomi sunaye huɗu, har da mai gyaran waya, gwargwadon baitin kowa. A ɓangaren kiɗa kaso mafi tsoka na Baba, tunda layinsa ne ƙashin bayan waƙar. Samarin sun so su biya shi kuɗin aiki kawai a wuce wurin, suna ganin ma hakan ya fi masa, don ba wanda ya san ko waƙar za ta kawo ko sisi.

"'Ya'yana, wancan yaron dala 70 ya karɓa ya tafi gida," in ji Baba. "Ni ku ba ni na mota yau, sunana kuma ku rubuta shi da kyau."

Na ƙara musu sakin layi ɗaya da ba su yi tunaninsa ba, a kan sunan ƙungiyar. Wonder Mike da Master Gee sun shafe shekaru suna shari'a da iyalan Robinson a kan kuɗinsu da kuma sunan da suka yi suna da shi, har ta kai suna yawon wasa ba su da ikon kiran kansu Sugarhill Gang. Muka rubuta cewa sunan na su ukun ne tare, ba na situdiyo ba, ba na wani manaja da zai zo gobe ba, kuma in ɗaya ya fita ba zai tafi da shi ba sai sauran biyun sun sa hannu. A kan wannan sakin layin suka fi daɗewa suna musu, fiye da kan kuɗi, har aka kira magariba. Bayan salla suka dawo suka sa hannu, ƙaraminsu ya hau Keke Napep ya kai takardar a buga wa kowa kwafinsa.